Sifirin Motar Injiniya

Laraba, 6 ga Fabrairu 2002, da hantsi

Ya dawo jiya da la'asar, a ƙafa, ba takalmi. Su biyu suka fita ranar Asabar, shi da amininsa Sa'idu, za su Idi-Araba duba wata motar haya, danfo, da ta ƙi tashi. Shi kaɗai ya dawo. Kowa a nan Agege ya ji faɗan ƙabilancin da aka kwana uku ana yi a can, ba sai na ɓata takarda ba.

Ba rauni a jikinsa sai ƙafafun da suka farfashe. Na dafa ruwa na gasa masa su. Na ce, "Injiniya, sannu." Bai amsa ba. Na ce, "Ni ce fa, Tela." Haka yake kirana tun kafin aurenmu saboda keken ɗinkina, ni kuma ina ce masa Injiniya yadda ake ce masa a gareji, ko da yake a gidansu Baballe ne. Ya dube ni yadda ake duban bango.

A bayan littafin awon ɗinki nake wannan rubutu. Ba mai kawo ɗinki a kwanakin nan, kuma in ban faɗa wa takarda ba, ban san wa zan faɗa wa ba.

Alhamis, 7 ga wata, bayan azahar

In na sa masa cokali a hannu yana ci. In ban sa ba, ba ya nema. Yana yin sallah a zaune a bakin gado, ko leɓensa ba ya motsi.

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

Yaya Uwaisu ya zo, wansa da ke dillancin shanu a Oko-Oba. Ya shiga ɗaki ya yi ta kiran sunansa har ya gaji, sannan ya fito baranda ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Mariamu, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Gida za a kai shi, Ringim, a yi masa rubutu, ya shaƙi iskar garinsu."

Na ce, "Yaya, ai nan ma gida ne. Shekararsa goma sha tara a Legas."

"Legas ba gidan kowa ba ce. Tirelolin da suka kawo raguna za su juya bayan Sallah. Litinin ɗin da ke biye zan sa shi a gaba, kusa da direba."

"Ni fa? Ka san Inna tana kwance a Dopemu da shanyewar ɓarin jiki, ni kaɗai gare ta. Ba inda zan iya zuwa."

"Ban ce ki bar mahaifiyarki ba."

Nan raina ya ɓaci, na manta da surukuta. Na ce, "Yaya, ba buhun albasa ba ne da za a ɗora shi a mota ba a tambaye shi ba."

Bai yi fushi ba, shi ne ma ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "To ga shi nan, ki tambaye shi. In ya buɗe baki ya ce zai zauna, wallahi na bar miki shi. In kuwa bai yi magana ba, ni ne bakinsa."

Kwana goma sha bakwai ke nan. Ni a nan aka haife ni, bayan layin dogo, Arewa sau biyu na taɓa zuwa, shi ma biki. Na san mazan da aka kai gida a irin wannan hali, ban san ko ɗaya da ya dawo ba. In aka tafi da shi aurenmu ya koma na wasiƙa, da mutumin da ko sannu ba ya amsawa.

Asabar, 9 ga wata

Mako guda yau. Shiru.

Lahadi, 10 ga wata, da hantsi

Ina shara na jawo wani faranti daga ƙarƙashin gado, ashe motar wasan nan tasa ce mai rimot. Girmanta kamar kan keken ɗinki. A gwanjon Katangowa ya tsinto ta bara cikin dilar kayan wasan Turawa, ya rage mata gudu ya ƙara mata ƙarfi, domin shi ba tsere yake so ba, so yake ta hau duwatsu a hankali. Duk Lahadi bayan la'asar shi da Sa'idu suke ɗaukarta su tafi tulin duwatsun bakin layin dogo. Ƙatti biyu da gemu, a durƙushe, suna yi wa motar roba kirari. Na yi musu dariya har na gaji.

Yanzu a kwance take ba ƙafafu. Ya cire mata shoka huɗun da ke riƙe tayoyin, wasu 'yan bututu kamar yatsa, mai a ciki, sifirin a waje. A gefe ga gwangwanin madara da sifirin kala uku, ya ɗaure kowane kala da zarena da ya sata: farin zare masu laushi, ja matsakaita, baƙi masu tauri. Wata guda suka yi suna gardamar wanne za a sa, har na hana su yinta a kan abinci.

Abin da ya sa nake rubuta wannan: da na ja farantin, ƙananan notocin ciki suka yi ƙara, sai ya juyo da kansa. Ya bi farantin da ido har na ɗora shi a kan keke. Tun ranar Talata ba abin da ya bi da ido, har da ni.

Litinin, 11 ga wata, bayan magariba

Yini guda na yi ina haɗa ta. Mai iya ɗinke aljihun kaftani ba noti huɗu ne za su gagare ta ba, haka na ce da safe. Da azahar na janye maganar. Na zaɓi masu baƙin zare, don a ganina abin da zai hau dutse ƙarfi yake bukata.

Sai duwatsu. Sawu biyar na yi da bokiti daga layin dogo, na tula su a tsakar gida daidai tagarmu. Iya Mulika, mai gidan da muke haya, ta fito tana riƙe da ƙugu. Ita ce ta kulle ƙofar gidan nan a kwanakin faɗan can, ta kafa kujerarta a waje ta zauna, duk wanda ya tambaya ta ce ba kowa a ciki sai jikokinta.

Ta ce, "Iyawo Injiniya, e ku ise o," wato matar Injiniya sannu da aiki, da Yarabanci. "Bene za ki ƙara mini?"

Na ce, "Magani ne, Iya."

Ta dubi duwatsun, ta dubi tagar, ba ta ƙara tambaya ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni dai ban kai ga dafawa ba, ɗauka ma ta karya mini wuya.

Talata, 12 ga wata, da yamma

Na ɗaure labulen tagar sama don ya gani daga bakin gado. Na danna rimot, ta tafi tiƙis-tiƙis, ta dafa dutsen farko, taya ɗaya ta tashi sama tana juyawa a banza, sai ta kife ta baya kamar kyankyaso. Na tayar da ita. Ta sake. Sau goma sha ɗaya na ƙirga, sannan na daina ƙirgawa.

Ban sani ba ko yana kallo. Fuskarsa dai tana wajen.

Laraba, 13 ga wata

Dopemu. Na yi wa Inna wanka, na wanke zannuwa. Ta tambaye ni shi da rabin bakinta, na ce yana samun sauƙi. Na gaji.

Alhamis, 14 ga wata, bayan azahar

Na naɗe motar a zane na kai wa Harouna, mutumin Maraɗi mai gyaran rediyo a bakin layin dogo, wurinsa Injiniya yake sayen batir da waya. Ya danna ta da tafin hannu, ba ta ko lotsa ba.

Ya ce, "Madam, wa ya sa miki wannan rasor ɗin?" Sifirin yake nufi, su can haka suke ce masa.

Na ce ni ce.

"Bon. Ki ji. Mota mai hawan dutse, tayoyin nan huɗu dole kowace ta taɓa ƙasa. In ɗaya ta tashi, ƙarfin ya tafi a iska. Mai tauri ba ya barin taya ta bi dutse. Ki sa mai laushi."

"Shi ke nan?"

"Ina! In ya yi laushi da yawa, cikinta zai zauna a kan dutse, in ta karkata kuma ta kife. Sai batun mai. Man da ke cikin shoka shi ke hana ta tsalle. Mai ruwa-ruwa, ta yi ta rawa. Mai kauri, ta yi nauyin jiki. Ga kuma hujin nan uku, in kin ɗaura a na waje ta miƙe tsaye, in a na ciki ta ɗan kwanta. Kome za ki zuba dai, kada man birki. Cinye robar ciki yake, shokar ta mutu ke nan, kuma ba irinta a Legas."

Na ce, "To ni wanne zan zaɓa a cikin duk wannan?"

Ya yi dariya. "Ai ita ce gardamar da mijinki da marigayi..." Sai ya tsaya, ya shiga neman wani abu a cikin akwatinsa wanda na san ba ya ciki.

Shi ne mutum na farko da ya faɗi kalmar a gabana. Ba wanda ya ga komai da idonsa, ba a yi sallah ba, ba a yi zaman makoki ba. Na naɗe motata na dawo.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Masu farin zare, da man kekena a ciki, na ɗura da sirinji. Ta hau dutse biyu tana rawar jiki, a na uku ta zauna da cikinta, tayoyi huɗu suna ta juyi a iska. Man kuma duk ya tsiyaye mini a zane.

Saura kwana goma.

Asabar, 16 ga wata

An ɗauke wuta tun jiya, batir ba caji. Na zauna, ya zauna.

Lahadi, 17 ga wata, bayan la'asar

Yau na yi dabara, kuma zan yabi kaina tunda ba mai yabona. Ina soya albasa na ɗaga kwalbar manja, na ga yadda yake zuba a hankali, ba ruwa-ruwa ba, ba kauri can ba. Na ce to, me ya rage? Na wanke shoka huɗun na ɗura musu manja.

Wallahi ta hau. A hankali, taya tana bin dutse tana sauka, ba tsalle ba rawa, har tsakiyar tulin. Iya Mulika ta ajiye tsintsiya tana tafi, tana cewa a kai ni gareji a ba ni rigar aiki. Na yi dariya, ta farko a watan nan, har na ji kunyar kaina.

Na waiga taga. Yana nan, kuma wannan karon na tabbata motar yake kallo.

Litinin, 18 ga wata, da safe

Manjan ya yi barci. Ni da nake dafa abinci shekara goma sha biyu, na manta manja yana daskarewa in ya kwana a sanyin siminti. Na fito da ita tun da sassafe don in burge shi, na same ta sandare kamar katako, ga kiyashi sun yi layi har cikin tayoyi. Na danna rimot duk da haka. Ta dafa dutsen farko ta kife.

Sai na ji tsaki daga taga.

Dogon tsaki, irin wanda yake ja in direba ya kawo masa motar da wani ya taɓa. Na tsaya da rimot a hannu, ban juya ba don kada in kore shi. Bai ƙara ba. Na shiga bayan gida na yi kukana a can.

Talata, 19 ga wata, bayan azahar

Yaya Uwaisu ya biyo, duk jikinsa warin raguna, idanunsa jajur. Na tare shi da labari tun daga ƙofa.

Ya ce, "Tsaki ba magana ba ne, Mariamu."

"Amma ai daga bakinsa ya fito."

"Ki ji tsoron Allah. Na ce ya buɗe baki ya faɗi abin da yake so." Ya dubi tulin duwatsun da motar da na shanya a rana manja yana narkewa. "Ke ma da alama sai an haɗa da ke a rubutun."

Na so in mayar masa, sai ya zauna a kan bokitina ya ce wurare uku ya zaga jiya yana neman Sa'idu, inda ake ajiye waɗanda ba a san danginsu ba. Bai faɗi abin da ya gani ba, ni ma ban tambaya ba. Na kawo masa ruwa ya sha. Ba mugu ba ne, da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi.

Laraba, 20 ga wata, da yamma

Na wanke komai da kananzir. Harouna ya ɗan zuba mini man inji a murfin kwalba, na gauraya da man keke, kashi biyu da ɗaya. Fari a gaba, ja a baya. Na gwada hujin waje, ta yi tsayi tana tangaɗi. Na gwada na ciki, ta yi ƙasa da yawa. Na tsakiya ya rage, gobe.

Yatsuna duk sun yi baƙi. Wata ta kawo ɗinkin Sallah yau, na ce ba na karɓa, ta tafi tana mita. Da gaskiyarta.

Alhamis, 21 ga wata, bayan la'asar

Ta hau har ƙoli. Ta tsaya a can sama, tayoyi huɗu duk a kan dutse, ta sauko ta ɗaya gefen ba ta kife ba. Sau uku a jere.

Na juya da murnata, na ga labule a sake. Da hannunsa ya kwance shi.

Na daɗe a tsaye kafin in gane wautata. Shekara goma sha biyu ina auren makaniki, ban taɓa ganin ya tashi daga benci don mota mai lafiya ba. Mai lafiya wucewa take, ko kallo ba ta ishe shi ba. Wadda aka ɓata ce take tayar da shi, ko yana cin abinci. Ranar manja ya ja tsaki don aikin ya ɓaci. Yau na gyara ta tsaf, na nuna masa ko a nan ma ba a bukatarsa.

Kwana goma ina wahala don in iya, ashe rashin iyawar ce maganin. Saura kwana huɗu.

Juma'a, 22 ga wata, ranar Sallah

Bai je Idi ba. Na sa masa sabuwar riga, ya bari na sa. Yaya Uwaisu ya aiko da cinya guda, Iya Mulika ta aiko da hanta. Unguwa shiru, rabin ƙofofin layinmu da kwaɗo, masu su sun tafi tun makon jiya. Na soya naman don kada ya lalace.

Asabar, 23 ga wata, da yamma

Na ɓata ta da gangan. Baƙi a dama, fari a hagu, shoka ɗaya a juye. Ta yi ta tafiya a karkace tana faɗuwa, ni kuma ina ta salati da ƙarfi don a ji a ɗaki. Labule bai motsa ba.

Na gaji da duwatsu. Na gaji da jin muryata ni kaɗai.

Lahadi, 24 ga wata, bayan magariba

Zan rubuta wannan a tsanake don kada in manta komai.

Da hantsi na je wurin direban danfon da ke bayanmu na roƙi man birki a 'yar kwalba. Bayan azahar na ɗauki farantin na shiga ɗaki, na shimfiɗa tabarma a gabansa, dab da ƙafafunsa. Na ajiye sukurdireba a gefe inda zai gan ta, na ɗauki almakashina na shiga kwance noti da bakinsa. Yana zamewa yana cin kan notin, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Na ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe.

Na buɗe shoka ɗaya na zubar da man ciki. Na ɗauko kwalbar, na buɗe ta kusa da shi don warin ya kai masa, makaniki ko a mafarki ya san warin man birki. Na zuƙa a sirinji. Na riga na yanke cewa in bai hana ni ba zan zuba da gaske, ta mutu kowa ya huta.

Na kai bakin sirinjin. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

"Tela. Ba wannan ba."

Muryar a dushe, kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ban ɗago ba. Na ce, "To wanne?"

"Miƙo farantin. Kin kashe kan notin nan. Wa ya ce miki ana kwance noti da almakashi?"

"Ba wanda ya ce. Wanda zai ce ɗin ya yi shiru."

Ya sauko kan tabarma ya shiga aiki, ni ina miƙa masa kaya. Ya shinshina man da na gauraya, ya murza a yatsa, ya ce ba laifi. Ya tambayi wa ya koya mini, na ce wuya. Ya sa fari a gaba, a hujin tsakiya, yadda na yi ranar Alhamis. Da ya zo baya na miƙa masa masu jan zare. Ya riƙe su a tafin hannu ya daɗe, sannan ya mayar gwangwani ya ɗauki baƙi.

Ya ce, "Sa'idu ya ce baƙi a baya. Ni na ce ja. A cikin danfo ma gardamar da muke yi ke nan, har muka sauka." Ya ɗaura ɗaya, ya ɗaura ɗayar. "Ban ba shi gaskiya ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan game da ranar, ban kuma nemi ƙari ba.

Da la'asar ya fito tsakar gida da ƙafarsa, karo na farko. Ya karɓi rimot. Ta hau, amma tana ɗaga taya ɗaya ta baya a kowane dutse, ba ta kai yadda ta yi da ja ba. Na gani, shi ma ya gani. Iya Mulika ta leƙo ta ce, "Oga Injiniya, e kaabo," sannu da zuwa ke nan, ya ce mata yauwa Iya.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Wani ya buga ƙofar gida da ƙarfi, mai sayar da ruwa ne kawai, kafin in juya Injiniya ya saki rimot yana bayan duron ruwa a tsugune. Sai da na kira shi sau uku. Amma ya yi magana. Gobe Yaya Uwaisu zai ji da kunnensa. Yau zan ci abinci.

Litinin, 25 ga wata, da azahar

Yaya Uwaisu ya zo da hantsi, ya ce tirela tana Oko-Oba, ƙarfe goma sha ɗaya za ta tashi. Na sa mayafina mai kyau na tare shi a baranda, har da ɗan murmushina. Na ce, "Yaya, ga shi nan, ka tambaye shi."

Injiniya ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Yaya Uwaisu ya kama kafaɗarsa ya ɗago shi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Baballe, na yi wa matarka alkawari, kuma ba zan saɓa ba. Za ka zauna, ko za ka tafi gida?"

Ya ce, "Zan tafi, Yaya."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Injiniya, cewa ya yi in kana so ka zauna, ka zauna."

Ya juyo ya dube ni sosai, irin duban da na yi kwana ashirin ina nema. Ya ce, "Na ji, Tela. Ba zan iya bin titunan nan ba. Duk wanda ya taho ta bayana sai in ji kamar... Ba zan iya kwanciya a ƙarƙashin mota ba, ban ga wanda ke tsaye a kaina ba. Ki yafe mini."

Yaya Uwaisu ya kawar da kai, bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Ni na ce a tambaye shi. Na ɗauko duwatsu a ka, na ɓata yatsuna, na kori masu ɗinki, duk don ya buɗe baki, kuma ko sau ɗaya ban zauna na tambayi kaina abin da zai faɗa in ya buɗe ba.

Ni na haɗa masa jaka. Na sa motar a ciki, ya fitar da ita ya ajiye a kan kekena, ya ce can ƙasar yashi ce, ba duwatsu. Na raka su Oko-Oba a tasi. Ya hau gaba kusa da direba da ƙafarsa, ba wanda ya ɗora shi. Na tsaya a ƙasa ina jira ya ce zai dawo, ko ya ce in biyo shi in Inna ta samu sauƙi, ko dai wani abu da zan riƙe. Direba ya tayar da mota. Sai ya leƙo ta taga ya kira ni, na matsa da sauri har ina tuntuɓe.

Ya ce, "Tela, kada ki bar batir a cikinta. Zai zuba ya ci waya."

Na ce to.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Na cire.